Yadda ake bibiyar sababbin kundayen waƙoƙin rok, pop, indi da hip hop

Duk wanda yake so ya riƙa sanin sababbin kundayen waƙoƙin da ke fitowa daga Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, abu na farko da ya kamata ya riƙe shi ne ranar Juma'a. Tun daga 10 ga Yulin 2015, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, wadda ake kira IFPI, ta jagoranci yarjejeniyar da ta sa ake sakin sababbin waƙoƙi ranar Juma'a a kusan ko'ina. Kafin nan kowace ƙasa da ranarta: Amurka Talata, Birtaniya da Faransa Litinin, Jamus da Ostireliya kuma Juma'a. Wannan bambanci ya daɗe yana ba masu satar fasaha dama, domin kundi yakan fita a wata ƙasa, a ɗora shi a intanet ta bayan fage, tun bai isa kasuwar wata ƙasar ba.

Lokacin fitowar kuma yana da nasa tsari. Wasu kamfanoni suna buɗe kundi da ƙarfe 12 na daren kowace ƙasa, wasu kuma, musamman masu kula da manyan mawaƙan Amurka, suna sakinsa a lokaci ɗaya ga duniya baki ɗaya da ƙarfe 12 na dare agogon New York. Wannan ya yi daidai da ƙarfe 5 na asuba agogon Najeriya da Nijar daga watan Maris zuwa farkon Nuwamba, sannan ƙarfe 6 na safe a sauran watannin, saboda canjin agogo da ake yi a Amurka. Saboda haka idan ka duba da tsakar dare ba ka ga kundin da kake jira ba, babu abin da ya sami wayarka. Ka kwanta, ka sake dubawa da safe. Akwai kuma masu kauce wa tsarin da aka saba da gangan. Beyoncé ta saki kundi a Disambar 2013 ba tare da wata sanarwa ba, Kendrick Lamar ya yi irin haka a Nuwambar 2024, shi kuwa Tyler, the Creator ya zaɓi ranar Litinin a Oktoban 2024 domin mutane su saurara a kan hanyarsu ta zuwa aiki da makaranta.

Mataki na biyu shi ne ka gyara manhajar da kake sauraro a kai, ko Spotify ce, wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, ko Apple Music, ko YouTube Music, ko Boomplay da Audiomack. Ka shiga shafin kowane mawaƙi da kake ƙauna ka danna alamar bi, ka kuma kunna sanarwa. A Spotify wannan shi ke ciyar da jerin da ake kira Release Radar, wanda ke sabuntawa kowace Juma'a bisa ga waɗanda kake bi da irin abin da ka saba saurare. Akwai kuma jerin New Music Friday, wanda ma'aikatan kamfanin ke tsarawa. Dukansu suna da amfani wajen sanar da kai abin da ya fito, amma kada ka tsaya a nan, domin waƙoƙi ɗaiɗai suke tsinto maka, kuma wanda ya ji waƙa ɗaya bai ji kundi ba.

A nan ya kamata a bambance abubuwan da ke fitowa, saboda ba duk abin da aka sa wa hoto da suna ne kundi ba. Waƙar da aka saki ita kaɗai yawanci talla ce ga abin da ke tafe. Ƙaramin kundi, wanda ake rubuta wa EP, kan ƙunshi waƙoƙi huɗu zuwa shida da ba su kai minti 30 ba. Cikakken kundi kuwa yakan kai waƙoƙi bakwai zuwa sama, ko ya haura minti 30. Sai kuma bugu mai ƙari, wanda ake rubuta wa deluxe, inda ake ƙara waƙoƙi a kan kundin da ya riga ya fita, wani lokaci bayan 'yan kwanaki kacal. Shawarata ita ce ka fara da bugun farko, domin shi ne abin da mawaƙin ya tsara daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarin da ake yi daga baya sau da yawa dabara ce ta tsawaita zaman kundin a jadawalin ciniki, wato jerin kundayen da suka fi kasuwa, ko da yake a wasu lokuta akan tsinci waƙa mai kyau a ciki.

Kowane salo da inda ake nemansa

Pop ba ya wahalar nema, shi ne ma yake nemanka. Makonni kafin ranar fitowa za ka ga bidiyo da hira da hoton bangon kundi a ko'ina. Abin da ya rage maka shi ne ka daure ka wuce waƙoƙi biyu ko uku da aka tallata, ka ji sauran, domin a can ne ake gane ko mawaƙin yana da abin faɗa.

Hip hop, wato gambarar zamani, yana buƙatar ƙarin lura. Kundayensa sukan yi tsawo, wasu su haura waƙoƙi 20, kuma akwai dalili a bayan haka: a manhajojin sauraro ana lissafa waƙa a matsayin an saurare ta da zarar ta yi daƙiƙa 30, saboda haka yawan waƙoƙi yana ƙara yawan lissafi. Kafin ka fara, ka buɗe wurin da aka jera sunayen waɗanda suka yi aikin, ka ga wane ne ya haɗa kiɗan. A wannan salo furodusa yana da nauyi kusan daidai da na mawaƙi, kuma bin sunan furodusan da kiɗansa ya burge ka zai kai ka ga mawaƙan da ba ka taɓa ji ba. Masu haɗa kiɗan hip hop suna yawan yanko guntun tsohuwar waƙa su gina sabuwa a kansa, kuma shafin WhoSampled yana nuna inda aka yanko kowane guntu. Ka kuma lura da harafin E da ake sa wa a gefen waƙa, domin alama ce ta cewa akwai zagi ko batsa a ciki. Yawancin manyan kundaye suna da bugun da aka tace, manhajoji kuma suna da wurin da ake toshe irin waɗannan waƙoƙi gaba ɗaya, abin da ya dace da wanda ke sauraro a gida gaban yara ko a mota tare da manya.

Rok da indi su ne suka fi buƙatar ka tashi ka nema, domin ba kasafai manhaja ke kawo su gabanka ba. Asalin indi shi ne waƙar da ta fito daga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan ukun nan, wato Universal da Sony da Warner. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka bi kamfani maimakon mawaƙi. Sub Pop na birnin Seattle, Matador na New York, da Domino da Rough Trade da 4AD da XL na London, kowanne yana da irin kunnensa, kuma idan ka so kundi biyu daga kamfani ɗaya, akwai kyakkyawan zaton na ukun ma zai yi maka. Shafin Bandcamp ma wuri ne mai albarka, inda za ka iya jin kundi kafin ka saya, kuma tun Maris na 2020 yana ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa, kuɗin ya tafi ga mawaƙa da kamfanoninsu. Ta wannan hanya mai bin Matador zai iske Mdou Moctar, makaɗin jita daga Abzinawan Nijar, wanda waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa daga waya zuwa waya a yankin Sahara, kafin kamfanin ya fitar da kundinsa Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, masu sharhin rok a Amurka da Birtaniya kuma suka yaba su matuƙa. Abin takaici ne a ce ana cika ɗakunan kallo a Turai domin jin jitar da ta taso daga maƙwabtanmu, mu kuma da yawa ba mu san da ita ba.

Yadda ake sauraron kundin da aka zaɓa

Abin da na fi so mai karatu ya ɗauka daga wannan bayani shi ne ya rage haɗama. Kundayen da ke fitowa kowace Juma'a sun fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya, kuma wanda ya ce sai ya ɗanɗana kowanne, zai ƙare makon bai riƙe ko ɗaya ba. Ka zaɓi ɗaya, ko biyu idan mako ne mai sauƙi: ɗaya daga mawaƙin da ka sani, ɗayan daga wanda ba ka taɓa ji ba, kuma zai fi kyau idan daga wani salo ne daban.

Ka sauke kundin a waya lokacin da kake da intanet mai ƙarfi, idan tsarin da ka biya ya ba da damar haka, domin kada tsinkewar sabis ta riƙa katse maka waƙa. Lissafin data ba shi da wuya. Kundi mai minti 40 yana cin kimanin megabait 29 a matsakaicin inganci na kilobit 96 a daƙiƙa, kimanin 48 a kilobit 160, sannan kimanin 96 a babban inganci na kilobit 320. Ga mai amfani da ƙaramin iyafis, kilobit 160 ya wadatar. Abin da bai dace ba shi ne jin sabon kundi ta lasifikar waya, domin tana haɗiye ƙasan sautin, ganga da jitar bas su ɓace, alhali a hip hop da rok rabin aikin a nan yake.

Daga nan ka kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, ka fara daga ta farko ka bi jeri har ta ƙarshe. Tsarin kundi ya samo asali ne daga faifan garmaho mai dogon zango da kamfanin Columbia ya fitar a 1948, wanda kowane gefensa ke ɗaukar minti 20 da 'yan kai, kuma har yanzu mawaƙa da yawa, musamman na rok da indi, suna tunanin aikinsu a matsayin gefe biyu. Za ka lura cewa waƙar farko tana buɗe ƙofa, akan sassauta a tsakiya, sannan a ajiye waƙa mai nauyi a ƙarshe. Kundi kamar saƙar zane ne, wanda ya zare zare ɗaya ya duba ba zai san adon da ke jiki ba. A jin farko kada ka tsallake komai, kada kuma ka yanke hukunci. Ka bar sautin ya shiga kawai. A ji na biyu ka buɗe baitocin, ko a cikin manhajar ko a shafin Genius, domin Turancin waƙa cike yake da salon maganar unguwa da habaici da ambaton mutane da wurare, kuma ko wanda ya iya Turanci sosai yakan rasa ma'ana. A ji na uku, bayan kwana ɗaya ko biyu, ka mai da hankali ga kayan kiɗa ɗaya tak, misali ganga, ka bi ta daga farko zuwa ƙarshe, ka ji inda ta yi shiru da inda ta dawo. Sau da yawa waƙar da ta gundure ka ranar Juma'a ita ce za ka iske kana rerawa ranar Talata, wadda ta kama ka nan take kuma ta riga ta sire maka.

Sai bayan wannan ne ya dace ka karanta masu sharhi. Pitchfork yana ba da maki daga 0 zuwa 10 kuma ya fi karkata ga indi, Rolling Stone da NME da jaridar Guardian suna da nasu masu sharhin, shafin Metacritic kuma yana tattara makin jaridu da dama ya fitar da matsakaici a kan 100. Idan ka fara da makin, da kunnen wani za ka saurara. Idan kuwa ka riga ka kafa ra'ayinka, sharhi zai nuna maka abin da ya wuce ka, ko kuma ka ga inda ka saɓa da marubucin ka san dalilinka. Ka karanta hujjar da ya kawo, kada ka tsaya ga lambar da ya sa.

Jadawalin ciniki kuwa, irin Billboard 200 na Amurka, yana ƙidaya ne daga Juma'a zuwa Alhamis, kuma tun Disambar 2014 yana haɗa sayen kundi da sayen waƙoƙi ɗaiɗai da sauraro ta intanet a lissafi guda. A gyaran da aka yi a 2018, sauraro 1,250 daga masu biyan kuɗi ko 3,750 daga masu ji kyauta ne suka kasance daidai da kundi ɗaya a lokacin, kuma akan sake duba waɗannan alƙaluma lokaci zuwa lokaci. Abin da jadawali ke gaya maka shi ne yawan jama'a da ƙarfin talla, wanda yake da amfani idan kana son sanin abin da ake yayi, amma ba ma'aunin kyau ba ne.

Ka ware wani shafi a littafi ko a waya, ka riƙa rubuta sunan kundi da ranar da ka ji shi da waƙoƙi biyu da suka tsaya maka, tare da jimla ɗaya a kan dalili. A watan Disamba mujallu da jaridu suna fitar da jerin kundayen da suka fi burge su a shekarar, kuma makonnin ƙarshen Disamba da farkon Janairu lokaci ne da manyan kundaye ba sa yawan fitowa. Ka yi amfani da wannan sararin ka ɗora jerinsu a kan naka, ka ciro guda uku ko huɗu da suka wuce ka, ka saurare su da irin tsarin da ka bi a sauran makonnin.