Kafin ka ba kowa kuɗin ɗaki a Ingila: abin da na gani wurin ɗaliban Ailan

Satumba ta zagayo, wayata kuma ta fara ƙara. A makon jiya kaɗai yara uku suka kira ni, biyu daga Kano, ɗaya daga Gusau, kuma kukansu ɗaya ne. Sun tura kuɗin ɗaki tun suna gida, sun sauka, ko dai babu ɗakin ko kuma ba shi aka nuna musu a hoto ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Layin waya, katin bas, rajista wurin likitan unguwa, buɗe asusun banki da wasiƙar makaranta, duk waɗannan a mako guda za ku gama. Rigar sanyi ku bari sai kun zo ku saya. Masallaci da naman halal a Birmingham ba sai an sha wahalar nema ba. Masauki shi ne inda ake kayar da mu.

Shekarar da na zo, wani ɗan ƙasarmu ne ya ba ni ɗaki. Da Hausa muka yi ciniki, yana ce mini ƙanena, ina ce masa yaya, sai na ji nauyin in nemi takarda. Na ƙirga masa kuɗin wata uku da kuɗin ajiya hannu da hannu. Ashe shi ma ɗan haya ne, kuma yarjejeniyarsa ta hana shi saka wani a gidan. A wata na biyu mai gidan ya zo duba na'urar ɗumama gida, ya gan ni, ya ce in tattara kayana cikin mako guda. Kuɗina har yau ban sake ganinsu ba. Na kwana biyu a ɗakin karatu na jami'a da akwatina, na kasa kiran mahaifina, wanda sai da ya sayar da fili kafin na hau jirgi.

Wanda ya fitar da ni wani ɗan ajinmu ne, ɗan Ailan daga gundumar Tipperary, da kullum za ka ga bakin wata sanda mai faɗi ya leƙo daga jakarsa. Ya ga akwatin, ya tambaye ni, na faɗa masa. Saƙo ɗaya ya tura wa 'yan ƙungiyar wasansu. Kafin magariba an sami ɗakin wani ɗan wasa da ya tafi koyon aiki a asibitin wani gari. Washegari ya raka ni wurin mai gidan, ya tsaya sai da aka rubuta sunana a yarjejeniya kafin ya bar ni na biya ko fam ɗaya.

Wasan nasu sunansa harlin. Mutum 15 kowane gefe, kowa da sandarsa ta itace, ana bugun wata 'yar ƙwallo mai tauri a ƙasa da sama. In ta shiga raga maki 3 ne, in ta wuce saman sandar raga tsakanin dogayen turaka maki 1. Ya ɗan yi kama da ƙwallon gora, sai dai ya fi shi sauri da ban tsoro, har sai da aka wajabta hular kwano ga kowa a 2010. Hukumarsu, GAA, an kafa ta a 1884 a garin Thurles, kuma har gobe ba a biyan 'yan wasa albashi, ko da waɗanda ke cika filin Croke Park na Dublin ne. A 2018 UNESCO ta saka wasan cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Duk inda suka yi ƙaura da sandarsu suke tafiya. 'Yan ci-ranin Landan sun taɓa cinye kambun Ailan gaba ɗaya na shekarar 1901, kuma kofin da gundumomi ke fafatawa a kai yau sunan Liam MacCarthy yake ɗauke da shi, mutumin da aka haifa a Landan. Jami'o'in cikin Ailan suna da nasu kofin, Fitzgibbon, tun 1912. Amma yaron da ya tsallako Birtaniya karatun haɗa magunguna ko aikin jinya ko koyarwa, don bai sami gurbi a gida ba, ya fita daga wannan layin. Sai ɗaliban da ke wurare irin su Liverpool da Dundee da Edinburgh suka kafa tasu gasar. Ta ƙwallon ƙafarsu na gargajiya, wato Gelik, ita ce ta fara a farkon shekarun 1990, ta harlin ta biyo baya bayan kimanin shekara goma. Jinkirin yana da dalili. Harlin sai wanda ya tashi da sanda a hannu tun yana ƙarami, kuma ƙarfinsa a gundumomin kudu yake, irin su Kilkenny da Cork da Tipperary, saboda haka haɗa cikakkiyar tawaga a jami'a ɗaya aiki ne. Na bi abokina filin Páirc na hÉireann da ke Solihull, kusa da filin jirgin saman Birmingham, na ga tawagogi sun kwana a hanya cikin bas don wasannin ƙarshen mako guda, cikin sanyi da taɓo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk shekara uku ko huɗu 'yan wasan gaba ɗaya sun gama sun tafi, amma ƙungiyar tana nan. Mai fita yana miƙa wa mai shigowa riguna, da asusu, da lambobin mutane, har da sanin wane mai gida ne mutumin kirki, wane ne ba a zuwa wurinsa.

Sai dai ku kula, kada ku ga ɗan Ailan yana abu ku ce ku ma haka za ku yi. Akwai tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga tsakanin ƙasarsa da Birtaniya, ba ya buƙatar biza, yana aiki yadda ya ga dama. Kai kuwa bizar ɗalibi gare ka. In digiri kake yi, awa 20 a mako ne iyakarka lokacin karatu, ba a yarda ka yi sana'ar kanka ba, ba a yarda a biya ka a matsayin ɗan wasa ko koci ba. Wasan sha'awa a jami'a kuwa babu laifi. Su ma 'yan Ailan kakanninsu sun sha tasu. Tsofaffinsu suna ba da labarin sanarwar da ake mannawa a tagogin gidajen haya cewa ba a son ɗan Ailan, ba a son baƙar fata, kafin dokar 1968 ta haramta hana mutum gida saboda launinsa ko asalinsa.

To, ga maganar haya, ku karanta da kyau.

A Ingila doka ta tilasta wa mai gida ya tabbatar kana da izinin zama kafin ya ba ka ɗaki. Yanzu bizar a intanet take, za ka shiga asusunka na hukumar shige da fice ka ciro wata lamba ka ba shi. Wanda bai tambaye ka wannan ba, ka tambayi kanka ko gidan nasa ne. Da 'yan fam kaɗan za ka iya duba sunan mai gida a shafin hukumar rajistar filaye. Da na san wannan a lokacin, da minti biyar ya ishe ni in gane wanda na ba kuɗina ba shi da gida.

Kuɗin riƙe ɗaki kafin a sa hannu ba ya wuce hayar mako ɗaya. Kuɗin ajiya ba ya wuce ta mako biyar a irin gidajen da ɗalibi zai kama, haka dokar 2019 ta ce, kuma ita ce ta hana dillalai karɓar kuɗin cike takardu. Ajiyar nan kuma ba yadda mai gida ya ga dama yake yi da ita ba. Cikin kwana 30 dole ya yi mata rajista a ɗaya daga hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, DPS ko TDS ko mydeposits, ya ba ka shaida. In kwana 30 sun wuce shiru, ka rubuta masa, kada ka tsaya a kiran waya. Amma ga inda yawancinmu ke faɗawa: in mai gidan yana zaune a ciki tare da kai, kuna haɗa kicin ko banɗaki, wannan kariyar ta hukumomin ajiya ba ta hau kanka ba, kuma fitar da kai ba shi da wuya. Irin ɗakunan da ake tallatawa a zaurukanmu na WhatsApp da yawa haka suke.

Za a nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar. In ba ka da shi, ka fara tambayar ofishin masauki na jami'arka, wasu jami'o'in suna tsaya wa ɗalibansu. In ku huɗu kuka sa hannu a takarda ɗaya, ka sani in ɗaya ya gudu ana iya bin sauran bashinsa. Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton komai, bango, katifa, murhu, mitar wuta, ka tura wa mai gida ta imel a ranar. Ka karɓo takardar shaidar ɗalibta ka kai wa ƙaramar hukuma, don ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida. Ƙungiyar ɗalibai ta jami'a tana da masu karanta yarjejeniya kyauta, haka ma ƙungiyoyin agaji na Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara. Yaro ya yi shekara yana neman gurbin karatu, amma ya kasa ba da awa ɗaya a karanta masa takardar da zai sa wa hannu, wannan yana ba ni haushi ƙwarai.

Ni ban yarda 'yan Ailan sun fi mu son juna ba. Mu ne masu zango. A Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, bafatake yana sauka wurin maigida, a ba shi wurin kwana, a ajiye masa kuɗinsa, a tsaya masa a cinikin goro da shanu. Amma maigidan zango kowa ya san shi, in ya ci amana gari ya ji, kasuwarsa ta mutu. A nan ma na ga mutanenmu sun haɗa kuɗin jana'izar wanda ba su taɓa gani ba cikin dare ɗaya, na ga matan aure suna dafa wa gwagware abincin buɗa-baki wata guda cur. Abin da muka rasa shi ne miƙa wa na baya. Kowa ya gama ya tafi da abin da ya sani, sabon zuwa ya fara daga farko, wanda ya cuci na bara kuma ya sake samun na bana, don kunya ta hana a faɗa.

Mu kaɗan da muka daɗe mun fara rubuta gidajen da yaranmu suka zauna lafiya aka mayar musu da ajiyarsu. Masu gamawa bana, ku sanar da mu ɗakunanku kafin ku miƙa makulli. Kai kuma da ke gida kana jiran jirgi, ka kama ɗakin kwanan jami'a ko masauki na mako biyu, ka zo ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido, ka kawo mana takardar mu karanta tare.