Idan wayifai na gida ya yi nauyi, ta ina za a fara dubawa?

Kafin ka sayi sabon akwati, wato na'urar da ke raba wayifai a gida, ko ka ƙara kuɗin forfe, wato datar da kake saya, fara gano inda nauyin yake. Intanet tana bin hanya biyu kafin ta iso wayarka. Ta farko daga eriyar kamfani zuwa akwatin da ke gidanka, ko da sim ɗin MTN, Orange ko Camtel kake aiki a Garwa da Marwa, ko Airtel da Moov a Njamena. Ta biyu daga akwatin zuwa wayarka, wato wayifai ɗin kansa. Kowace hanya da irin ciwonta, maganin ɗaya kuma ba ya yi wa ɗayar komai.

Gwajin ba shi da wuya. Ka sa mutanen gida su kashe wayifai a wayoyinsu, ka tsaya taku biyu daga akwatin, ka buɗe fast.com ko Speedtest, ka rubuta abin da ya nuna. Sannan ka koma ɗakin da ake kukan nauyi ka sake aunawa. Idan kusa da akwatin ka samu megabit 15, a ɗaki kuma 2, matsalar tana cikin gida. Idan ko'ina 2 ne, daga waje take. Ka auna bayan asuba, ka sake aunawa bayan isha'i. Gudu da safe, jan ƙafa da dare, alamar cunkoso ce a eriyar unguwa, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai dai a gwada sim na wani kamfani. A lura kuma, megabit 8 ne ke ba da megabayit 1, don haka layin megabit 16 zai sauke kusan megabayit 2 ne a daƙiƙa, wannan ba lalacewa ba ce.

Idan daga waje take, fara duba forfe, domin wasu suna rage gudu idan an cinye wani kaso. In da sauran data, shiga shafin akwatin. Adireshin yana manne a ƙarƙashinsa: na Huawei yawanci 192.168.8.1, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Nemi lambobi biyu: RSRP, mai nuna ƙarfin rezo, da SINR, mai nuna tsabtarsa daga hayaniya. RSRP tsakanin -80 da -95 yana da kyau, idan ya kai -110 rezo ya yi rauni sosai. SINR sama da 10 ya wadatar, ƙasa da 5 akwai hayaniya a layin. Kada ka yarda da sandunan nuna ƙarfin rezo da ke jikin akwatin, suna iya cika alhali SINR yana ƙasa. Ɗauki akwatin ka zagaya da shi taga zuwa taga, kana jiran minti ɗaya a kowane wuri kana sabunta shafin. Idan yana tsalle tsakanin 4G da 3G, ka kulle shi a kan 4G kaɗai. Gidan da ke bakin gari, idan akwatinsa yana da ramukan eriya a baya, eriyar waje a kan dogon ƙarfe mai fuskantar eriyar kamfani ita ce gyaran gaske. Wayar da ta haɗa ta da akwatin ta zama gajera, don doguwar waya tana cinye ƙarfin da aka samo.

Idan a cikin gida take, mazaunin akwatin ne abin zargi na farko. Ƙarfe da ruwa su ne manyan abokan gabar wayifai: ƙofar ƙarfe, rufin kwano, firji, tankin ruwa. Katangar laka mai kauri da bulon siminti su ma suna shanye shi, katanga biyu ko uku sun isa su kashe shi. A ɗaga akwatin ya kai tsayin kai, a fili, kusa da tsakiyar gida, ba bayan talabijin ko cikin kabad ba. A gidanmu na tsakar gida da ɗakuna kewaye, baranda mai inuwa da ke kallon ƙofofin ɗakuna ta fi falo nesa ba kusa ba.

Inuwar nan ba ado ba ce. Yawancin akwatunan an yi su ne su yi aiki har zafin digiri 40, ga shi a Maris da Afrilu Marwa da Njamena suna wuce haka. Akwatin da ya yi zafi yana rage gudu ko ya mutu ya tashi da kansa. Kada a lulluɓe shi da ƙyalle don gudun ƙura, gara a riƙa share ramukan iskarsa da busasshen buroshi, musamman lokacin hunturu. Caja ma a duba ta. Idan an rubuta 12V 2A a jikin akwatin aka sa masa mai 1A, zai kunnu lafiya, amma da aiki ya yi yawa sai ya yanke. Haka batirin sola ke jawowa idan ya yi ƙasa da dare.

Sai saiti. Akwati mai zango biyu yana fitar da 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure katanga, na 2.4 ya fi nisa amma maƙwabta duk a kansa suke. Ka ba kowanne suna daban, na kusa su hau 5, na nesa su hau 2.4. A 2.4 ɗin, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Manhaja irin WiFi Analyzer a Android za ta nuna wadda maƙwabta suka cika, ka zaɓi mafi sarari, ka sa faɗinta 20 MHz. Wajen tsaro zaɓi WPA2 da AES, domin tsofaffin hanyoyin tsaro, WEP da TKIP, suna danne gudu kada ya wuce megabit 54.

Duba jerin na'urorin da ke kan akwatin ka ƙirga su. Wayar Android tana raba kalmar sirri da hoton QR, don haka wanda ka ba jiya yana iya ba wa mutum biyar yau ba tare da ya furta ta ba. Canza kalmar, kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar ba, ka canza ta shiga shafin akwatin ma idan har yanzu admin ce. Ko 'yan gida kaɗai ne, waya ɗaya da ke tura bidiyo zuwa Google Photos tana iya toshe hanyar fita, kowa ya ji nauyi har a kiran WhatsApp.

Ɗakin da ya ƙi samu bayan duk wannan, mutane kan saya masa na'urar maimaita rezo. Mai zango ɗaya tana raba gudu kusan biyu, kuma idan aka sa ta cikin ɗakin da rezo ya mutu, raunin za ta maimaita. Wurinta rabin hanya ne. Abin da ya fi shi ne a ja wayar intanet irin Cat5e ko Cat6, wadda ke kaiwa mita 100, a sa akwati na biyu a can, a kashe masa DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, a ba shi tasha daban da ta na farko. Mai haɗa kan wayar ya tabbatar silli takwas ɗin da ke cikinta duk sun kama, domin in ɗaya ya kuskure, layin gigabit yakan faɗo zuwa megabit 100 ko ya ƙi aiki gaba ɗaya.