Yadda Ake Kula Da Haƙora Daga Goyo Har Tsufa

Haƙori ba ya fara ciwo sai ɓarna ta yi nisa. Fatarsa ta waje, farar nan mai ƙyalli, ba ta da jijiya, don haka rami zai iya shafe watanni yana ci ba tare da mai shi ya ji komai ba. Ranar da ruwan sanyi ya fara sukarsa, ramin ya riga ya shiga ciki.

Abin da ke haƙa ramin ba tsutsa ba ce, duk da abin da masu tallar magani ke nunawa a kasuwa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin farin dattin da ke manne wa haƙori. Idan sukari ya shiga baki, sai su cinye shi su fitar da ruwa mai tsami, wanda zai yi kamar rabin sa'a yana zaizayar haƙorin kafin yawu ya wanke shi. Shi ya sa yawan maimaita zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. Wanda ya sha lemon kwalba ɗaya tare da abinci ya fi wanda ya wuni yana kurɓar shayi mai sukari tsira.

Jariri da fitar haƙori

Tun kafin haƙori ya fito, a riƙa naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a goge dasashin jariri. Haƙorin farko yakan ɓullo wajen wata 6, yawanci na gaba a ƙasa, kuma kafin shekara 3 guda 20 sun cika. Daga ranar da na farko ya leƙo ake fara goge shi da ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid da ke ƙarfafa haƙori, gwargwadon ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 zuwa 6 sai a ƙara ya kai girman ƙwayar wake.

Akwai kuskuren da ke kashe yara, kuma ya kamata iyaye su ji shi da kyau. Fitar haƙori takan kawo dalalar yawu, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, amai ko zawo mai yawa. A daidai wannan lokacin ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki, sai cuta ta shige shi, a ce ai haƙori ne, a zauna a gida ruwan jikinsa na ƙarewa. Yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. A kuma guji magungunan fitar haƙori na kemis: a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani gurɓataccen maganin irin wannan mai suna My Pikin ya yi ajalin yara fiye da 80 a Najeriya. Shafa dasashi da yatsa mai tsabta ya isa.

Kada a kwantar da yaro da fida mai shayi ko madara mai sukari a baki. Yawu na raguwa lokacin barci, sai zaƙin ya kwana a kan haƙoran gaba na sama, su yi farin tabo, su koma ruwan ƙasa, su guntule.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, ko wanda ƙyanda ta sako shi, idan aka ga dasashinsa na zubar da jini, bakinsa na wari mai ƙarfi, kumatu ya kumbura, to a garzaya asibiti a ranar. Haka cutar noma ke farawa, wadda wasu ke kira ciwon iska, kuma cikin kwanaki take cinye kumatu. Idan an tare ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki na tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999.

Lokacin famfara

Wajen shekara 6 yaro ke fara famfara. A daidai lokacin kuma wasu turame huɗu ke fitowa can ƙurya, bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa na ɗaukarsu haƙoran yarinta ne da za su zube, alhali na dindindin ne, kuma su suka fi saurin yin rami. A buɗe bakin yaro a duba su. Hannun yaro ba ya ƙwarewa a goge baki sai wajen shekara 7 ko 8, don haka babba ya riƙa bin bayansa, musamman da dare.

Idan haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya wajen ƙwallo ko faɗuwa daga keke, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar. A ɗauraye shi a hankali ba tare da kankarewa ba, a mayar da shi gurbinsa, yaron ya ciji tsumma. In hakan ya gagara, a tsoma shi cikin madara a kai wa likitan haƙori kafin awa guda. Haƙorin yarinta kuwa ba a mayar da shi.

Gogewar da ke aiki

Sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, kuma na dare ne ba a yafewa. A duba jikin kwalin man: na manya ya kasance an rubuta fuloraid 1350 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawansa a cikin man. A karkata buroshi ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ƙananan zagaye, waje da ciki da saman matauna, sannan harshe. Dirza da ƙarfi da buroshi mai tauri na janye dasashi, ya bar wuyan haƙori a tsirara. Bayan an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna. A sauya buroshi duk wata 3.

Asuwaki na cire datti sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi, ana kuma yanke wanda ya tsufa. Amma ba ya kai wa bayan turame yadda ya kamata, don haka a riƙe shi da rana, buroshi da safe da dare. Gawayi da toka kuwa suna kankare fatar haƙori, wadda ba ta sake tsirowa. Tsakanin haƙora a yi amfani da zaren sakace, ba tsinken tsintsiya ko allura ba.

Jinin da ke fita wajen goge baki alama ce ta kumburin dasashi. Ba dalilin daina gogewa ba ne. A ci gaba a hankali, yakan tsaya cikin mako biyu. In bai tsaya ba, dattin ya daskare ya zama dutse, sai an yi wankin haƙori a asibiti. Wankin ba ya girgiɗa haƙori, dutsen ne ya riga ya cinye ƙashin da ke riƙe da shi.

Mai juna biyu ta fi saurin samun wannan kumburi. Idan ta yi amai, ta kurkure da ruwa, ta jira kamar awa guda kafin ta goge, domin tsamin ciki na tausasa haƙori. Ciki ba ya hana ganin likitan haƙori.

Idan haƙori ya tashi da ciwo, farasitamol da kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri za su rage zafi, kanumfari ma haka, amma ba sa toshe rami. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, yana ƙona shi, balle ruwan batir ko fetur. Ramin da aka kama da wuri ciko kawai yake buƙata. Kumburin da ya sauka wuya, ko ya hana haɗiya da buɗe baki, na iya toshe numfashi, ba a kwana da shi. Bayan cire haƙori a ciji auduga na minti 30, kada a kurkure ko a sha taba a ranar, don kada gudan jinin da ke rufe gurbin ya fita.

Manyanta

Zubewar haƙora ba dole ba ce ga tsufa. Abin da ke kawo ta yawanci ciwon dasashi ne, wanda ciwon sukari da shan taba ke rura wa wuta. Wasu magungunan hawan jini na busar da baki, sai rami ya kama wuyan haƙora, don haka a yawaita kurɓar ruwa, a kuma gaya wa likita. Mai haƙoran roba ya cire su da dare, ya wanke, ya jiƙa su cikin ruwa. Duk gyambo, ƙullutu ko farin tabo a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko da ba ya ciwo, a kai shi a duba, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba a baki.