Faifan C ya yi ja: kurakuran da ake yi wajen farautar ɓoyayyun fayiloli

Wani Alhaji mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya shigo shagona a Agege da laftop a hammata, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, duba min wannan abu. Hotunan bikin 'yata na goge kaf, amma jan layin nan ya ƙi tafiya." Na kunna. Faifan C, wato babban ma'ajin kwamfutar, giga 238 ne, saura giga 3 da ɗoriya. Hotunan da ya sadaukar ba su kai giga 2 ba, kuma suna nan kwance a kwandon shara, ko wurin da suka tare bai dawo masa ba. Wannan ne ma ya cece su.

Uwar kurakuran ke nan: gogewa kafin aunawa. Windows yakan mayar da layin da ke nuna cikar faifai ja da zarar wurin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100, mutum kuma sai ya far wa abin da idonsa ke gani, hotuna, takardu, karatun malamai da ya tara shekara da shekaru. Alhali ɓarawon yana wani lungu da ba a nuna maka. A fara sauke manhajar awo, WizTree ko WinDirStat ko TreeSize Free. Ni WizTree na fi so, domin tana karanta kundin da faifan yake rubuta sunan kowane fayil a ciki kai tsaye, kafin ka kurɓi shayi sau biyu ta gama. Amma a buɗe ta da Run as administrator. In ba haka ba akwai foldojin da ba za a bar manhajar awo ta leƙa ba, lissafi ya ƙi cika, ka zauna kana neman giga 30 da suka yi layar zana.

Alhaji ma ya ɗan yi zargin an cuce shi a Computer Village, kasuwar kwamfutoci da ke Ikeja, tunda 256 aka rubuta a kwali ga shi yana ganin 238. Ba a cuce shi ba. Masu ƙera faifai suna ɗaukar giga ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuwa 1,073,741,824 yake ƙirgawa. Shi ya sa mai 500 ke nuna 465, mai tera ɗaya ya nuna 931. Kar ka hau danfo zuwa Ikeja don wannan rigimar.

Wasu kan buɗe File Explorer, tagar duba fayiloli, su shiga View su kunna Hidden items, su ɗauka an yaye musu komai. Labule biyu ne. Na biyun yana cikin Options, inda aka rubuta Hide protected operating system files. Sai ka cire wannan alamar za ka ga manyan ƙattin da ke zaune a bakin ƙofar C, wato hiberfil.sys da pagefile.sys. Nan ne hannu ke fara ƙaiƙayi.

Shi hiberfil.sys nan kwamfuta take juye aikin da ke buɗe idan za ta yi dogon barci, yakan ci wajen kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da ke gudana a ciki. Mai RAM giga 16 zai ga fayil ɗin ya haura giga 6. Ba ya goguwa da Delete. Hanyarsa ita ce ka buɗe Command Prompt da ikon administrator ka rubuta powercfg /h off, nan take zai ɓace, tare da saurin tashin nan da ake kira Fast Startup. To amma ka yi tunani, a Legas muke. An ɗauke wuta, batir ya tsufa, yaro ya tafi neman man janareta, wannan fayil ɗin ne zai riƙe maka aikinka idan cajin ya zo ƙarshe. A kwamfutar tebur ina kashe shi ba tare da na waiwaya ba. A laftop kuwa sai in wuri ya yi matsi sosai. Shi kuma pagefile.sys a ƙyale shi, nan Windows yake sauke kaya in RAM ya cika, wanda ya kashe shi zai ga manhajoji suna rufe kansu ana tsakiyar aiki.

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa suka koma Windows 11, sai folda mai suna Windows.old ta yawaita a kwamfutocin da ake kawo min. Na sha ganinta ta haura giga 20. Ita ce hanyar komawa tsohon Windows in sabon bai karɓe ka ba, kuma bisa ƙa'ida bayan kwana 10 take tafiya da kanta. In ta maƙale, kar a yi kokawa da ita da hannu, rabi zai gogu rabi ya ƙi. A buɗe Disk Cleanup, a danna Clean up system files, a zaɓi layin Previous Windows installation. A nan kuma za a ga tarkacen sabuntawar Windows, shi ma a haɗa da shi.

Inda ake yin ɓarna mai tsada shi ne cikin foldar Windows kanta. Yaron shagona, a watansa na farko, ya ga WinSxS ta yi ƙiba a manhajar awo, ya shiga ya kama sharewa a kwamfutar wani mai sayar da tumatir a Mile 12. Da aka kashe ta aka kunna ba ta sake tashi ba, ranar sai bayan isha'i muka rufe shago. Girman da WinSxS ke nunawa ma akwai ruɗi a ciki, domin fayiloli da yawa ɗaya ne ake ƙirga su a wuri biyu. Mai son rage ta ya buɗe Command Prompt da ikon administrator ya rubuta Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup ya bar Windows ya zaɓi abin da zai zubar. Haka foldar Installer, in ka taɓa ta wasu manhajojin ba za su ƙara sabuntuwa ba, ba kuma za su ciru ba.

System Volume Information kuwa nan ake tara hotunan yanayin kwamfuta don ranar da abu ya lalace. A rubuta Create a restore point a wurin bincike, a shiga Configure, a rage rabon da aka ba ta. Ba sai an kashe ta gaba ɗaya ba.

Manhajojin nan da ke faɗowa a intanet suna ihun kwamfutarka ta cika da datti, danna nan a wanke, a guje su. Abin da ke cikin %temp%, foldar tarkacen wucin gadi, kai ma za ka iya gogewa, wanda ya ƙi tafiya ana amfani da shi ne, ka tsallake.

Filashi ma yana da nasa. Ka kai shi shagon buga takardu, ka dawo ka tarar da shi wayam, ko cike da gajerun hanyoyi (shortcut) masu 'yar kibiya, amma awo yana cewa akwai giga 5 a ciki. Bairos ne ya ɓoye kayan. Kuskuren shi ne yin fomatin, wanda shi ne zai share su da gaske. Kar ka danna gajerun hanyoyin. In harafin filashin E ne, buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sai kayan su fito, ka kwashe, sannan ka bi shi da manhajar kashe bairos.

Ɓarawon Alhaji dai a AppData muka kama shi, foldar da ke ɓoye a ƙarƙashin sunan mai kwamfuta. Duk lokacin da ɗansa ya jona iPhone, iTunes sai ta kwafe wayar ta ajiye a Apple Computer, cikin MobileSync, cikin Backup. Wayoyi uku, giga 74. Yaron shago har ya kai hannu, na ce tsaya. Na karanta wa Alhaji kwanan watan kowace ajiya. Da na zo ta biyu ya yi shiru, ya ce, "Wannan ai ta wayar Hajiya ce da aka zare mata a Oshodi. Hotunan Makka duk suna ciki."

Ya aika aka sayo faifan waje, muka kwashe ukun a kai, muka tabbatar girmansu ya yi daidai da na asali, sannan muka goge na cikin C. Na buɗe kwandon shara na mayar masa da hotunan biki. Layin ya koma shuɗi, saura giga 77.