Masu haɗa assembly da C a kan Arduino Uno, ku kula da r1

'Yan uwa, in har aikin bai buƙaci ƙidayar bugun agogo ba, ku bar shi a C kawai. Assembly, wato rubuta umarnin processor kai tsaye, sai inda lokaci ya matse, kamar sarrafa fitilun LED na WS2812: bit ɗaya bugu 20 ne kacal a kan ATmega328P, processor ɗin Uno, mai gudun 16 MHz.

In za ku rubuta, ku sa shi a fayil daban mai ƙarewa da .S babba, ku shelanta function ɗin da extern "C", domin Arduino da C++ yake harhaɗawa.

Sai batun rijista, wato ƙananan ma'ajiyai r0 zuwa r31 da ke cikin processor, nan ake yawan faɗawa rami. avr-gcc, mai harhaɗa lambar Arduino, yana miƙo wa function ƙima ta farko mai bit 8 a r24, a nan kuma yake jiran amsa. Daga r18 zuwa r27, da r30 da r31, ku yi yadda kuka ga dama. Daga r2 zuwa r17, da r28 da r29, in kun taɓa to ku mayar yadda kuka same su.

Ita kuwa r1, kullum sifili ake ɗaukarta. Umarnin mul, na ninka lambobi, yana zuba rabin sakamako a cikinta, don haka ku sa clr r1, mai mayar da ita sifili, kafin ret, umarnin komawa C. In kun manta, lissafi zai lalace a can wani wuri da ba ruwansa da assembly ɗin.