Yadda Ake Riƙe Ƙaramar Jif Irin RAV4 ko CR-V Ta Daɗe Tana Yi Maka Aiki

Duk wanda ya sauka daga Corolla ko Civic ya hau RAV4 ko CR-V, tsayin kujera ne ke fara burge shi. Yana hango titi daga sama, ramin da a da sai ya taka birki ya lallaɓa yanzu ya wuce shi ko gezau, ga but da ke cinye buhun shinkafa biyu har da kayan yara. Daga nan ruɗin ke farawa, sai mutum ya ɗauka ya shiga sahun masu Prado da Hilux. Bai shiga ba. Waɗancan a kan ƙarfen shasi aka ɗora jikinsu, wannan kuwa jiki da shasi abu ɗaya ne kamar kowace ƙaramar mota. CR-V da Honda ta fitar a 1995 a kan ginin Civic aka yi ta. RAV4 kuma, wadda Toyota ta fara a 1994, yawancin waɗanda ke yawo a titunanmu injin Camry ne a cikinsu. Ta fuskar kayan gyara wannan alheri ne, ba za ka sha wuya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. Amma riƙon ƙaramar mota za ka yi mata, ba na motar daji ba.

Mataki na farko: a makon da ka saye ta, ka san abin da ka saya

Kada ka tsaya a kan abin da dillali ya faɗa. A gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 17, da ita ake gane shekarar mota da injinta. Ka kuma leƙa ƙarƙashinta daga baya. In ka ga dogon ƙarfe ya taso daga giya ya je tsakanin tayoyin baya, mai ja da ƙafa huɗu ce. In babu, ta gaba kaɗai ke ja, kuma da yawa haka suke, masu su ba su ma sani ba.

In daga Amurka ta zo, mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda bai lura ba zai jira agogon tafiya ya ƙara 5,000 kafin ya yi juyen baƙin mai, alhali motar ta ci kilomita 8,000.

Sai ka zubar da duk wani ruwa da mai da ka tarar a cikinta, ka zuba sabo: baƙin mai da filtarsa, ruwan lagireto, man birki. Ba ka san yaushe mai ita na farko ya yi ba, kuma takardar da aka liƙa a gilashi ba hujja ba ce. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun gaban mota, duk abin da aka yi ka rubuta rana da lambar agogo. Takardu ma a makon nan ake gama su: shaidar kwastan, canjin suna, lasisi, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku su zauna a but, don su ne jami'an kiyaye haɗurra ke fara tambaya.

Mataki na biyu: sandar auna mai, sau ɗaya a mako

Da safe kafin a tayar da inji, mota na tsaye a daidaitaccen wuri, ka ɗaga bonet, ka zare sandar, ka goge da tsumma, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun nan. Minti biyu ne.

Ga mai RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji lita 2.4, wannan wajibi ne. Injin nan, 2AZ-FE, ya yi suna wajen shan baƙin mai ta zoben fistin, kuma sau da yawa ba ya ɗiga a ƙasa balle ka gani. Mota na tafiya lafiya lau, mai na raguwa shiru, ranar da jar fitila ta kama a kan hanyar Zariya an riga an makara. Mai irin wannan mota ya riƙa yawo da lita ɗaya a but. Daga 2009 aka koma inji lita 2.5, wanda ya fi dama-dama.

Mataki na uku: juye, kuma kana tsaye

Da ƙurarmu da zafinmu da cunkoson cikin gari, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne lissafi mai kwanciyar hankali. Kaurin man da injin ke so yana rubuce a kan murfin da ake zuba shi, ko a littafin mota, galibi 5W-20 ko 5W-30, sababbi ma 0W-20. Za ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne, ƙasarmu da zafi, a sa mata mai kauri." Yana nufin 20W-50. Ka ce masa a'a cikin mutunci. Injunan nan suna da ƙananan hanyoyi da mai ke bi ya sarrafa buɗewar bawul, mai kauri ba ya isa wurin da wuri, musamman da sanyin safiyar hunturu.

Ka sayo man da kanka a wurin da ka yarda da shi, don jabu ya yi yawa, ka ga an fasa hatimin galan a gabanka, ka ga an cire tsohuwar filta. Ba zargi ba ne. Yaran gareji suna da motoci biyar a gabansu, mantuwa ba ta da wuya.

Filtar iska kuwa hunturu ne ke kashe ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa buɗe akwatinta duk wata, ka ɗaga ta sama ta fuskanci rana. In haske ba ya ratsa ta, a canza. Akwai wata ƙaramar filta a bayan aljihun gaban mota wadda iskar esi ke bi, mutane da yawa ba su san da ita ba. In esi ya rage hurawa ko yana warin ƙura, ita za ka fara dubawa kafin a ce maka gas ya ƙare.

Mataki na huɗu: man giya ba ɗaya ba ne

A nan ake asarar kuɗi mai nauyi. Kowane kamfani da man giyarsa. Toyota na waɗannan shekarun WS take sha, Honda kuma DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. CR-V daga 2015 wani irin giya gare ta da ake kira CVT, shi ma da nasa man daban. Jan man da ake aunawa a kwalba a bakin titi a ce "duk ɗaya ne" ya kashe giyoyi ba adadi.

Mai CR-V mai ja da ƙafa huɗu yana da ƙarin aiki. In ka karya sitiyari har ƙarshe kana juyawa a hankali, ka ji gurnani daga baya, yawanci man da ke cikin akwatin tsakanin tayoyin baya ne ya tsufa. Honda na da nata na musamman, Dual Pump Fluid. A canza shi kafin wani ya ce maka a cire dogon ƙarfen nan gaba ɗaya a huta.

Mataki na biyar: kada a yi mata "gyaran zafi"

Da zarar mota ta sauka, wasu garejin abin da suke fara ba da shawara shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da inji. Hujjarsu ita ce an ƙera motar don ƙasar sanyi. Motocin nan kuwa ana tuƙa su a hamadar Arizona da ta Saudiyya da tamostat ɗinsu. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa. In babu shi, kwamfutar mota na ganin inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara fetur. Kai ne za ka biya a gidan mai, fanka kuma ta mutu da wuri.

In allurar zafi ta fara hawa, akwai dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa na yoyo, ko fanka ta tsaya. A nemo dalilin. Ruwan rijiya da na leda kuma su ne ke haifar da tsatsar da ke toshe lagireton tun farko. A zuba ruwan da aka yi domin haka, na Toyota ruwan hoda ne, na Honda shuɗi. Kuma ko da wasa kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Haka batun indomi, wato abin tace hayaƙin da ke cikin salansa. Yana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, shi ya sa ake yawan cewa ya toshe a fasa a cire. Kafin ka yarda, a sa kwamfuta a duba. Duk lokacin da fitilar inji ta kama ma haka za ka yi, a karanta lambar matsalar, ka rubuta ta a littafinka, sannan a taɓa sifana.

Mataki na shida: taya

Yawancin RAV4 da CR-V na waɗannan shekarun 225/65 R17 suke sawa, amma abin dogaro shi ne takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A nan aka rubuta girman taya da yawan iska, wanda galibi ba ya wuce 30 zuwa 33. Mai faci in ka ƙyale shi zai ɗura 45 ko 50, wai don jif ce. Sakamakon shi ne mota na tsalle, tsakiyar taya na cinyewa, ga haɗarin fashewa a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu. Ka sayi ma'aunin iska naka, ka auna da safe.

A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta na nan raɗau, robar ta bushe. Mai ja da ƙafa huɗu kuma tana son tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Ka duba safaya ma. In siririyar nan ce, ba ta wuce gudun kilomita 80 a awa, kuma ta kai ka wurin mai faci ne kawai, ba Sakkwato ba.

Mataki na bakwai: ka san iyakarta a hanya

Burji, ramuka, hanyar ƙauye da rani, duk za ta bi ba gardama. Tazarar cikinta da ƙasa dai ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba sosai, santimita 16 zuwa 19 ne a yawancinsu, don haka tudun da ke tsakiyar hanyar da manyan motoci suka kwarzane yana iya fasa mata tukunyar mai. Ka ɗora taya a kan tudun, kada ka sa shi tsakanin ƙafafunta. A yashi ka rage iska kaɗan, kada ka tsaya a tsakiya. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 mai ƙafa huɗu tana da maɓallin kulle ja, wanda ke sakin kansa in gudu ya wuce kilomita 40.

Damina ce ta fi cin irin waɗannan motoci, saboda tsayinsu na ba mai su ƙarfin halin da bai kamata ba. Bakin da inji ke shaƙar iska yana nan gaba, bai fi na ƙaramar mota tsayi da yawa ba. Ruwan da ya wuce rabin taya, ka tsaya ka ga yadda wani ya wuce, ko ka juya. In kuwa ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murɗa makulli. A tura ta waje, a cire fulogi a fitar da ruwan. Murɗawa ɗaya na iya lanƙwasa ƙarfen fistin, daga nan sai maganar sabon inji.

Kaya ma da iyaka. Galibi mutum biyar aka yi ta domin su. In aka cusa bakwai, aka ɗora buhunan masara a baya ana dawowa daga gida bayan Sallah, shokazoba da bushin ne ke biya, sai ka fara jin ƙwal-ƙwal a kan kowane tudun rage gudu.

Mataki na takwas: fetur da masu aro

Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ba mai tuƙa inji lita 2.4 ko 2.5 da bai san zafin gidan mai ba. Tankinta na cin kusan lita 60. Ka auna shanta da kanka: cika tanki, mayar da ƙaramin agogon tafiya sifili, yi harkokinka, sake cikawa, sannan ka raba kilomita da litar da ta shiga. Misali kilomita 400 a lita 45 ya kama kusan 9 a kowace lita, wanda ba laifi a cikin gari da esi. Amfanin lissafin shi ne ranar da ya faɗo ba dalili, ka san wani abu ya taɓu, ko fulogi, ko filta, ko iskar taya. Kada ka saba tafiya fitilar ƙarancin fetur na kunne, don famfon yana cikin tanki kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Na bumburutu kuwa sai dole.

Sai maganar da ba ta cikin littafin kamfani. Mota mai tsayi da faɗin but ita ake fara tunawa ranar kai amarya, ranar ɗauko alhazai, ranar kai mara lafiya asibiti daga ƙauye. Ba ka iya hana kowa, kuma bai ma dace ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka kai su da kanka in da hali, ko ka ba da ita tare da direban da ka sani. In kuma dole ka miƙa makulli, ka nuna wa mai aron allurar zafi ka ce in ta wuce rabi ya tsaya ya kira ka, ka faɗa masa kada a zuba mata komai ba da saninka ba. Ranar da ta dawo, kafin ka shiga, ka zagaya ta sau ɗaya, ka duba gefen tayoyi ko akwai ƙullutu, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, washegari da safe ka zare sandar mai.