Yadda Ake Gwada Hoton Motsa Sensa da Hoton RAW Guda Ɗaya

A yawancin kyamarori, kowane ɗigo na sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske, launi ɗaya yake gani, ja ko kore ko shuɗi, sauran biyun kuwa manhaja ce take kintatarsu. Motsa sensa, wato ɗaukar hotuna da yawa ana ɗan gusa sensa sannan a haɗa su hoto ɗaya, ya zo ne don rage wannan kintace. Pentax K-3 II ta 2015 tana ɗaukar hotuna 4, tana gusa sensa da ɗigo ɗaya kowane karo, yayin da Olympus E-M5 Mark II take ɗaukar 8 da gusawar rabin ɗigo, ta fitar da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ba a sarrafa ba, mai megafiksel 64 daga sensa mai 16.

Da farko ka kafa kyamarar a kan maɗori mai ƙafa uku, a ƙasa mai ƙwari, ka sa jinkirin 'yan daƙiƙu domin girgizar hannunka ta lafa. Ka rage ISO, wato saitin ƙarfin amsa haske, zuwa ƙasa, buɗin gilashi wajen f/5.6, domin idan ka matse shi fiye da f/8 hasken yakan bazu ya cinye ribar da kake nema. Hasken taga ya fi fitilar da ke ƙyaftawa. Abin ɗauka kuwa, ka nemi mai ƙananan zare, kamar hula mai aikin hannu, ka ɗauke ta da motsa sensa da kuma RAW guda ɗaya ba tare da ka taɓa saiti ba.

Wurin sarrafawa ne mutane suke ruɗin kansu. Kowace manhaja tana zuwa da nata ƙarin kaifi da rage tsaki-tsaki, saboda haka ka mayar da su sifili tukuna, ka daidaita farin launi, sannan ka ƙara girman hoto guda ɗin har ya kai ɗan'uwansa, in ba haka ba girma kawai kake gwadawa. Ka buɗe fayil ɗin a manhajar kamfanin, ka sake buɗe shi a wata kamar RawTherapee, wadda take iya gyara wuraren da suka motsa a hotunan Pentax.

Ka duba saƙar hular sosai. A hoto guda za ka iya ganin launukan ƙarya a kan farin zare, a haɗaɗɗen kuwa sukan ɓace, inuwa ma ta fi tsabta, kuma a ganina wannan ribar ta fi yawan megafiksel daraja. Daga nan ka nemi duk abin da ya motsa, ko da bakin labule ne, domin a nan haɗaɗɗen hoton yake barin zane kamar haƙoran zarto. Idan irin aikinka yana da ganye, ruwa ko mutane, ka sake gwajin a waje ranar da ake iska kafin ka dogara da shi.